Neman shawara: ina son in koyar da tarihin wasan kwaikwayon Bangal a jami'a, ta ina zan fara?

Mai tambaya:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Na gama digiri na farko a fannin wasan kwaikwayo, kundina kuma a kan yadda Turawan mulkin mallaka suka riƙa hana wasanni ne. A nan na ci karo da dokar hana wasanni da aka kafa a Indiya a 1876, wadda rigimar dandamalin Kalkata ta haifar, sai abin ya shiga raina. Burina in yi digiri na biyu da na uku a adabin Bangalanci da tarihin wasan kwaikwayonsu, in ƙare ina koyarwa a jami'a. Bangalanci kam ko harafi ɗaya ban sani ba. Abin da nake da shi Turanci ne, sai Larabcin Islamiyya da ya kai in karanta littafi ba wasali. Kalkata ta Indiya zan nufa ko Daka ta Bangaladash? Harshen zai ci shekara nawa? Fassarar Turanci kaɗai za ta isa bincike? In an gama kuma, akwai aiki? Allah Ya saka da alheri.

Malamin adabi:

Wa alaikumus salam. 'Yata, bari in fara da tambayarki ta uku, domin ita ce gindin sauran. Fassara ba za ta isa ba. Abin da aka mayar Turanci daga wasannin ƙarni na 19 ɗan kaɗan ne, tallace-tallacen wasanni a jaridu, da sharhin masu kallo, da tarihin rayuwar 'yan wasa kuwa, galibinsu suna nan a Bangalanci. Wanda ya tsaya ga fassara, abin da wasu suka riga suka faɗa zai yi ta maimaitawa, kuma masu jarraba kundi suna gane haka tun daga babi na farko.

Ki sani cewa Bangalanci iri biyu za ki koya. Akwai chalit, wanda ake magana da rubutu da shi yau, akwai kuma sadhu, tsohon salon rubutu mai dogayen aikatau da kalmomin Sanskirit, tsohon harshen ilimi na Indiya, jingim. Misali, "na yi" a chalit korechilam ne, a sadhu kuma koriyachilam. Chalit bai fara samun gindin zama a rubutun zube ba sai bayan da Pramatha Chaudhuri ya fara fitar da mujallar Sabujpatra a 1914. Ke nan jaridun zamanin dokar da kike sha'awa duk sadhu ne. Azuzuwan koyar da baƙi kuwa chalit suke koyarwa su tsaya. A nan ɗalibai da yawa ke faɗuwa: mutum ya iya cinikin kifi a kasuwa, a miƙa masa jaridar 1876 ya kasa wuce layi uku.

Ga yadda zan tsara miki. Wata biyu zuwa uku na farko ki ba haruffa kaɗai: wasula 11, baƙaƙe 39, sannan haɗaɗɗun baƙaƙe da ake kira juktakkhor, waɗanda suka haura ɗari, wasunsu ma ba su kama da haruffan da suka haifar da su ba. Ki riƙa rubuta su da hannu kullum, kallo kaɗai ba ya zaunar da su. Daga nan shekara guda ta chalit, da malami ɗan harshen, aƙalla awa biyu a rana. A shekara ta biyu ki shiga sadhu, ki haɗa da ɗan nahawun Sanskirit, ko da ƙa'idojin haɗa kalmomi ne kawai, domin ba za ki iya neman doguwar kalma a ƙamus ba sai kin san inda za ki yanka ta. In kin dage, shekara biyu za ta kai ki karanta wasa da ƙamus a gefe. Karatun tsohuwar jarida da sauri kuwa, ki sa ran shekara ta uku.

Wata mai aikin adana takardu:

Ƙanwata, Malam ya gama da harshe, ni zan yi miki maganar takardu, don nan ne kurakuran da ke ɓata kundi suke ɓuya.

Na farko lambobi. Huɗun Bangalanci, ৪, kamar 8 take a idonmu, bakwai ɗinsu kuma, ৭, kamar 9. In an gaji ido yakan koma ga abin da ya saba, sai a kwafi 1274 a matsayin 1298, an ƙara wa littafi shekara 24 ba a sani ba. Duk kwanan watan da kika kwafa, ki rubuta shi da lambobinsu yadda yake, ki sa namu a gefe.

Na biyu kalanda. Yawancin littattafan da shekarar Bangal aka buga su, wadda ke kamawa a tsakiyar Afrilu da watan Boishakh. Daga tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshen Disamba ana ƙara 593 a sami shekarar Miladiyya, daga Janairu zuwa tsakiyar Afrilu kuma 594. Ki gwada da wannan: National Theatre, gidan wasan 'yan Bangal da ya fara sayar wa jama'a tikiti a Kalkata, ya buɗe da wasan Nil Darpan ranar 7 ga Disamba 1872, wato shekarar Bangal 1279. Watan Poush shi ne mai rikici, domin rabinsa a Disamba yake, rabi a Janairu. In bangon littafi shekara kaɗai ya nuna ba wata, ki rubuta shekaru biyu, kamar 1872-73, kada ki zaɓi ɗaya da ka. Wasu littattafan kuma da shekarar Shaka suke, ita 78 ko 79 ake ƙara mata.

Na uku sunaye. Mutum ɗaya za ki same shi Bandyopadhyay a wannan jerin littattafan, Banerjee a wancan. Haka Chattopadhyay da Chatterjee, Thakur da Tagore, Basu da Bose, Datta da Dutt. Ki nemi kowane marubuci da duk rubutun sunansa kafin ki ce babu littafinsa.

Inda kayan suke kuma: bayan dokar rajistar littattafai ta 1867, gwamnatin Bangal ta riƙa fitar da jerin littattafan da aka buga duk wata uku, da sunan maɗaba'a da yawan kwafi da farashi. Da shi za ki gane wasan da ya yaɗu da wanda ya tsaya a hannun marubucinsa. Akwai kuma rahoton mako-mako da mai fassarar gwamnati ke yi na jaridun ƙasa, amma ki tuna abin da ya tsorata gwamnati ya tsinto, don haka ki ɗauke shi manuni ne zuwa asalin jaridar. A Kalkata ki san Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa da ke Alipore, da Bangiya Sahitya Parishad, da Natya Shodh Sansthan, wadda aka kafa a 1981 musamman don adana kayan wasan kwaikwayo: hotuna, takardun talla, muryoyin hira. A Landan, British Library ta sa tsofaffin littattafan Bangalanci masu yawa a intanet. Kafin duk wannan ki mallaki tarihin gidajen wasa na Brajendranath Bandyopadhyay, wanda ya bi zamanin daga 1795 zuwa 1876 yana kawo yankan jaridu. Tsoho ne, amma har yau da shi ake farawa.

Wani ɗalibin digiri na uku:

Yaya, a kan Kalkata ko Daka, batun bincikenki ne zai zaɓar miki gari. In dandamalin ƙarni na 19 ne, wato daga wasan da Gerasim Lebedev ɗan Rasha ya shirya a 1795, zuwa shigar mata dandamali a Bengal Theatre a 1873, zuwa zamanin Girish Chandra Ghosh da Binodini Dasi a Star Theatre daga 1883, to Kalkata ce. In kuma wasannin karkara ne da na Musulmin Bangal, ko abin da ya biyo bayan raba Bangal gida biyu a 1947, irin su Kabar da Munier Chowdhury ya rubuta a kurkukun Daka a 1953, to Jami'ar Daka ko Jahangirnagar, inda Selim Al Deen ya kafa sashen wasan kwaikwayo a 1986.

Amma kada ki nemi digiri na biyu a sashen Bangalanci kai tsaye. Da harshen ake koyarwa, da shi ake jarrabawa, kuma an gina manhajar ne don wanda ya yi digirinsa na farko a fannin, tun daga tsofaffin waƙoƙin Bangalanci na Charyapada da Haraprasad Shastri ya gano a Nepal a 1907. Ƙofar da ta fi dacewa da ke ita ce sashen kwatanta adabi na Jami'ar Jadavpur, wanda Buddhadeva Bose ya kafa a 1956, ko fannin nazarin wasan kwaikwayo na Jami'ar Jawaharlal Nehru a Delhi. Sashen wasan kwaikwayo na Rabindra Bharati yana da ƙarfi, sai dai sai harshenki ya nuna.

Wajen takardu: hukumar ICCR, mai kula da hulɗar al'adu ta Indiya, na ba 'yan Afirka tallafin karatu, ta ofishin jakadanci ake bi. Ki tanadi takardar daidaita shaidar digirinki da wuri, ita ce ke jinkirta mutane. Digiri na uku a Indiya mafi ƙaranci shekara 3 ne har da kwasa-kwasai, mafi yawa 6 in ba a nemi ƙarin lokaci ba. In bizarki ta wuce kwana 180, dole ki yi rajista da ofishin baƙi cikin kwana 14 da sauka. Kada kuma ki tsara aikin ɗakunan karatu a Satumba da Oktoba, hutun bikin Hindu na Durga Puja na rufe wurare da dama.

Malamin adabi:

Ɗana ya yi bayani mai kyau. Saura maganar aiki, wadda kowa ya kauce mata. 'Yata, kada ki gina rayuwarki a kan samun kujerar koyar da Bangalanci a Kalkata ko Daka. A Indiya ana shiga koyarwa ne ta jarrabawar cancanta ta ƙasa (NET) ko ta jiha, a Bangaladash kuma kwalejojin gwamnati ta jarrabawar ma'aikatan gwamnati ake shiga, duk an tsara su don 'yan ƙasa, kuma masu neman gurbin da harshen suka buɗi baki. A Turai da Amurka akwai wuraren da ke da tarihin koyar da shi, irin su Chicago da Heidelberg da Prague, amma kujerun ba su taka kara sun karya ba, mutum kan zauna a ɗaya har ya yi ritaya.

Abin da zai ba ki aiki shi ne ki fito a matsayin masaniyar tarihin wasan kwaikwayo wadda Bangal ce fagenta. Da wannan za ki iya koyarwa a sashen wasan kwaikwayo ko na adabi ko'ina, har da gida. Kuma batunki na takunkumi yana da abokin kwatance a nan: dokar 1876 ta biyo bayan wasan barkwancin da ya yi wa wani babban lauyan Kalkata shaguɓe don ya shigar da Yariman Wales cikin gidansa wurin iyalinsa, mu kuma a farkon shekarun 1950 hukumar mulkin mallaka ta hana Hubert Ogunde nuna Bread and Bullet a Kano. Sai dai ki yi hattara, Nil Darpan da dokar 1876 an tattake su ƙwarai. Labarin tarar rufi 1,000 da ɗaurin wata guda da aka yi wa James Long a 1861 kan buga fassarar Nil Darpan, kowane littafi ya kawo shi. In za ki shiga nan, ki ɗauki abu ƙarami: gidan wasa ɗaya, shekara biyar, ko yadda aka aiwatar da dokar a gunduma ɗaya.

Wata mai nazarin adabin Musulmin Bangal:

Malam, a gafarce ni, ina ganin an bar babban makaminta a baya, wato Larabcin. Ƙanwata, akwai wani reshe da ake kira dobhashi, Bangalanci ne da ya cika da kalmomin Larabci da Farisanci. Da shi Fakir Garibullah da Syed Hamza suka rubuta ƙissoshin Amir Hamza da Yusuf da Zulaiha da yaƙin Karbala. Maɗaba'un Battala a Kalkata sun buga su da araha, kuma da yawansu daga dama ake buɗe su kamar littafin Larabci, alhali layukan daga hagu suke tafiya. Ba don karatun zuci aka yi su ba, mutum ɗaya ke rera su da dare jama'a na saurare, don haka suna cikin tarihin wasa, tare da jarigan, waƙoƙin Karbala da ake yi da amshi. A yankin Chittagong ma an sami rubuce-rubucen hannu na Bangalanci da haruffan Larabci, wanda duk mai karanta ajami zai gane matsalarsu nan take: wasulan harshen sun fi alamomin yawa. Tarin da Abdul Karim Sahityavisharad ya bari yana ɗakin karatun Jami'ar Daka. Masanan da suka taso ta hanyar Sanskirit sukan yi tuntuɓe a waɗannan kalmomin, ke kuwa da gani za ki gane su.

Gyara ɗaya: ki ƙara Farisanci. Shi ne harshen kotu da mulki a Bangal har 1837, kuma yawancin kalmomin Larabcin ta bakinsa suka shiga, da ma'anar da ya ba su.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah Ya ƙara ilimi. Yaya, maganar dobhashi ta ja hankalina, amma ina tsoron raba hankali biyu. Malam, in rubuta wa malaman can yanzu, ko in jira sai na iya harshen?

Malamin adabi:

Ki jira wata shida, har ki iya karanta bangon littafi da kanun jarida. Sannan ki rubuta wa mutum biyu ko uku da kika karanta aikinsu, wasiƙar kada ta wuce shafi ɗaya: tambayar bincikenki a jimla biyu, takardun da za ki duba da inda suke, matakin da kika kai a harshe ba ƙari, da lokacin da kike sa ran kai wa sadhu. Zaɓi tsakanin takunkumi da dobhashi kuma ba yanzu ba ne, haruffa da chalit duk ɗaya ne ga hanyoyin biyu. Sai ƙarshen shekarar farko hanya ke rabuwa, mai takunkumi ta ɗauki Sanskirit, mai dobhashi ta ɗauki Farisanci.