Alhaki kwikwiyo ne, to ita wadda aka cuta ta zauna jira kenan?

Maman Hanif: Salam jama'a. Na sake karanta Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, karin maganar nan ta tsaya min a rai, alhaki kwikwiyo ne ubangidansa yake bi. Ana faɗa wa mace haka in miji ya wulaƙanta ta, wai ta bar shi da Allah, to shin lallashi ne ko rufe mata baki ake yi?

Ɗan Fagge: Ni a sanina gargaɗi ce ga azzalumi. Dubi Alhaji Abdu na cikin littafin, ya kori matarsa Rabi da 'ya'yanta saboda amarya Delu, ƙarshe gobara ta cinye shagonsa.

Maman Hanif: Haka ne yayana amma wa ya ciyar da yaran kafin gobarar? Rabi ce da sai da abinci. Kuma da ya talauce ita aka matsa wa ta koma, wallahi wurin nan na min ciwo.

Anti Bilki: Ƙanwata ki dubi ita marubuciyar ma. 'Yar Kano ce, ƙanwar marigayi Janar Murtala, amma tana yarinya ƙarama aka cire ta daga makaranta aka yi mata aure, auren bai je ko'ina ba, da ta zauna tana jiran alhaki ya kama wani ai da ba mu san sunanta ba, sai ta shiga ajin yaƙi da jahilci ta koyi karatu da rubutu har ta rubuta Wa Zai Auri Jahila, shi kuma Alhaki Kuykuyo Ne a 2012 aka buga shi da Turanci a Indiya. Ni wannan nake kira haƙuri, mai haƙuri shi ke dafa dutse amma fa sai ya tashi ya hura wutar.

Malam Na Zariya: Anti kin ƙara wa karin maganar gishiri amma na yarda. Sai dai kar a raina ta, macen da ba ta da mai tsaya mata, jin cewa haƙƙinta ba zai bi iska ba shi ke sa ta iya tashi da asuba ta ɗora tukunya.

Maman Hanif: Malam na ji wannan. Amma in za a faɗa, a je a faɗa wa mijin tun yana ganiyar abinsa.

Ɗan Fagge: To wa zai faɗa masa, abokan majalisarsa da suka raka shi ɗaurin auren?