Wane suna za mu raɗa wa "efflux pump" da Hausa?

Jama'a, ina fassara darasi kan bakteriya masu bijire wa magani, sai na cije a kan "efflux pump". Ku taya ni.

Wasu furotin ne a jikin bangon ƙwayar cutar. Da zarar magani ya shiga, sai su cafke shi su watso waje tun bai taɓuka komai ba. A 1980 Stuart Levy da abokan aikinsa a Jami'ar Tufts ta Amurka suka nuna bakteriyar E. coli na yi wa maganin tetirasaikilin haka. Wanda ya fi shahara cikin waɗannan furotin a jikin E. coli, AcrAB-TolC, gaɓa uku gare shi, kuma har sinadaran ruwan madaciya yake fitarwa, hakan na taimaka wa E. coli zaman lafiya a hanjinmu.

Wani ya ce "famfon fitar da magani". Ban ƙi ba, amma Bahaushe in ya ji famfo, ruwa ne ke zuwa masa a bokiti, ba fita yake ba.

Wata malama ta kawo "indararo". Wallahi ya burge ni, sai da na kwana da shi a rai. Malama, ki yi haƙuri, indararo ba ya wahala, ruwan ne ke gangarowa da kansa. Wannan kuwa da ƙarfi yake aiki, kuma a ɗakin gwaji ana ganin haka ƙiri-ƙiri. Ana zuba wa ƙwayoyin rini mai suna ethidium bromide, wanda ke ƙyalli idan ya taru a cikinsu. Muddin suna fitar da shi, hasken kaɗan ne. Sai a ƙara sinadarin CCCP, mai katse musu ƙarfin da suke aikin da shi, nan da nan rinin ya taru, haske ya tashi. Indararo dai ba a kashe masa wuta.

Shi ya sa na karkata ga kwalfewa. Ku tuna mai kwalekwalen da ya huje: ruwa na shiga, yana kwalfewa da ƙwarya, ya gaji jirgi ya nutse. Daga nan sai mu ce "makwalfi", kamar yadda muka samu mabuɗi da masassabi. Makwalfin magani, jam'i makwalfai.

Na san wasu garuruwa "kwarfe" suke cewa. Sakkwatawa da Damagarawa, ya kunnenku ya ji "makwalfi"?