Baba ya ƙi komawa asibiti bayan gwajin bayan gida, ku ba ni shawara

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu, raina a jagule yake. Mahaifina shekarunsa 61, shekara 9 ke nan da yayana ya kawo shi nan unguwar Bronx ta New York daga Maraɗi. Can yana da rumfar atamfa, mutum ne mai jama'a, nan kuwa daga masallaci sai wankin mota a garejin wani ɗan garinmu. Turancinsa bai wuce gaisuwa ba, Faransancin ma na ciniki ne. Wata 5 da suka wuce likita ya ba shi wata 'yar kwalba mai tsinke a jikin murfi, ya dangwalo bayan gida ya mayar musu. Sakamako ya zo a wasiƙa da Turanci, ya ninke ya zuba a aljihun babbar riga, sai makon jiya na tsince ta zan yi wanki. Wai an ga jini, ana so a duba hanjinsa da kyamara. Na raka shi, suka nemi tafinta ta waya, aka ce babu mai Hausa a lokacin. Ƙarshe ni na fassara. Da wane baki zan gaya wa ubana ta inda za a zura abin? Na ce masa hoton ciki ne. Wani ya fayyace masa a masallaci, yanzu ya rantse ba ya zuwa, wai basir ne, gaisuwata ma da ƙyar yake amsawa.

Anti Nas: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, kin yi kuskure, gara ki ji daga bakina. Wannan gwajin FIT sunansa, jinin da ido ba ya gani yake kamawa. Ganin jini ba ya nufin ciwon daji ne, mafi yawan waɗanda aka ga jinin ba a samun dajin a jikinsu, amma sai an leƙa ake sani. Sau da yawa wani ɗan tsiro ne a bangon hanji, a nan take a tsinke shi kafin ya rikiɗe ya zama daji, abin da kan ɗauki shekaru. Tun 2021 ma Amurka ta sauko da shekarun fara gwaji daga 50 zuwa 45. Tafinta kuma haƙƙinsa ne kyauta, duk asibitin da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya dokar hana nuna bambanci ta 1964 ta hau kansa. Tun ranar da za a sa muku lokaci ake cewa a tanadi mai Hausa, ki roƙi namiji.

Maman 'Yan Biyu: Ni dai na ce tsoho ya san jikinsa. Basir ne, wa ba shi da shi? A jiƙa masa bagaruwa. Maigidana kwana guda cur suka hana shi tuwo, sai ruwan romo, ga jarkar maganin gudawa, ya kwana yana safa da marwa a banɗaki, aka gama aka ce ba komai. Kuɗin aikin kwana biyu ya tafi, wa ya biya mu?

Ɗan Zangon Kumasi: A sake gwajin kwalbar mana, in ya fito lafiya shi ke nan. Batun tafinta kuma ku bar shi. Ni an taɓa haɗa ni da Bakano, yana zubo Hausar rediyo, rabinta ban kama ba, na dinga cewa to, to. Sai da na zo gida na gane ban san sau nawa zan sha maganin ba.

Anti Nas: Ba a sakewa, Malam. Tsiron ba kullum yake zubar da jini ba, na biyu ya fito fes ku koma barci. Maman 'Yan Biyu, "ba komai" ɗin da kike raina wa, shi ne ya ba maigidanki hutun shekara 10 kafin a sake duba shi. Mai basir ma yana iya samun daji, ɗaya ba ya korar ɗaya. Wajen dubawar barci ake sa mutum, an lulluɓe shi, aikin bai cika kai awa guda ba, sai dai dole a sami mai raka shi gida. Ƙanwata, wace inshora gare shi? In babu, akwai NYC Care, shirin birnin New York na duba marasa inshora, tun 2019, ba ruwansu da takardun zama. Yana ramewa? Akwai wanda ciwon hanji ya taɓa kamawa a danginku? Yayan naki fa, ina yake?

Mai tambaya: Anti, ba ƙarya na yi masa ba, kunya ce, ku da kuke aikin asibiti bakinku ya saba. Yaya tirela yake ja, sai ya yi sati uku bai kwana gida ba, in na gaya masa ni zai hau da faɗa me ya sa ban ga wasiƙar da wuri ba. Ni ma aikin dare nake.

Hajiya Babba: Ki samu limaminsu, namiji da namiji su yi magana. Lalura ai ta halatta buɗe al'aura gaban likita.

Mai tambaya: Hajiya, a masallacin ne fa aka ɓata maganar. In liman ya ji, gobe duk sahu sun ji. Bagaruwar nan, a wane shagon ake samunta?

Anti Nas: Har yanzu ba ki ce mini komai kan inshorar ba.