Termos na ƙarfe ga ɗan lekol: a zuba hura ko a'a?

Maman Sadiƙu: Salamu alaikum ƴan uwa. Yarona ya shiga CI, wato ajin farko na lekol, bana, ga zafin Afrilu ya kunno kai. Ina so in saye mishi termos na ƙarfe mai riƙe sanyi, amma ba ruwa kaɗai zan zuba ba, wani lokaci hura ko zoɓo. Akwai illa?

Baban Nura: Jikka 2 ne a Babbar Kasuwa.

Hajiya ta Zariya: Jikka 2 ina? Nawa jikka 7, daga Katsina aka kawo mini.

Inna Rabi: Ƙanwata, ki raba shi da hura. Ɗiyata na zuba ma hura da nono ran Juma'a, ta manta termos cikin jaka har Litinin. Tana murɗa marfi ya tashi da ƙarfi ya fasa mata gira, sai da aka yi ɗinki. Saura kaɗan ido. Na koma wurin mai shago da jini a zanena, wai shi don zuba ruwa ya sayar mini da shi. Har yau tabon yana nan.

Hajiya ta Zariya: Subhanallahi! Arha ba ta ado.

Inna Rabi: Hajiya, mai tsada ne.

Malama Zeinabu: Ba zancen tsada ba ne. Nono in ya tsaya a rufe yana tsami ya tara iska, kuma ƙwayoyin cuta sun fi yaɗuwa tsakanin digiri 5 da 60. Ku ciro robar marfi ku duba, nan baƙin datti ke ɓoyewa. Ban da wanki da jabel, yana cin ƙarfen.

Sani mai walda: Ƙarfen dai shi ne magana. A duba gindi, in an rubuta 304 ko 18/8, wato lambar irin ƙarfen, ya yi. Mai 201 zoɓo da tsamiya kan sa shi tsatsa.

Malama Zeinabu: Malam Sani, rubutu kowa na iya bugawa.

Sani mai walda: Ke allura kika sani, ƙarfe kuma aikinmu ne.

Baban Nura: A rataya mishi randa a wuya, tun kakanni ba ta taɓa fashe ma kowa ba 😂

Maman Sadiƙu: To zoɓon fa, na safe zuwa azahar?

Hajiya ta Zariya: Wace ƙanƙara za ki sa ma? Mu nan tun jiya ba kuran, firigo ya zama kabad, masu ƙanƙara sun ninka kuɗi.

Baban Nura: Ku Zariya kun ma samu jiya. Ku zo unguwarmu Bagalam ku gani.