Musayar Waƙa: Tubalan da Ke Saukowa da Kiɗa

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wannan makon a kan Tetris Effect za mu yi, sabon salon tsohon wasan jera tubala na Tetris, wanda Tetsuya Mizuguchi, mutumin Japan, ya jagoranci haɗawa, ya fito a 2018 kan PlayStation 4. Babbar tafiyar cikinsa mataki 27 ce, kowane mataki da nasa kiɗan da tasa duniyar. Ƙwar huɗu za mu yi, kowa ya rufe baitinsa da "wa".

Da sunan Rabbana zan fara,
Na ɗau alƙalamina na gyara,
Waƙar wasan tubali zan tsara,
Wanda da kiɗa yake saukowa.

Siffa bakwai ce, babu ƙari,
Kowacce gida huɗu ce a tsari,
Faɗin filin goma ne a jeri,
Tsayinsa ashirin wajen hawa.

Ka juya ɗaya, amo ya tashi,
Ka matsa da shi gefe, ka ji shi,
Ka sauke shi ƙasa, kiɗa ya bi shi,
Kai ke wasan, kai ke bugawa.

Farkon tafiya ƙarƙashin teku,
Duhu da shuɗi sun kewaye ku,
Kifaye na haske suna bin ku,
Sahu ya cika, su yi watsewa.

Can gaba ka iske tudun rairayi,
Ayarin raƙuma suna bin layi,
Idona ya cika, ban san ya yi,
Sai da na ji ƙwalla na saukowa.

Tsohon Hannu:
Wa alaikumus salam. Na daɗe ban sa baki a nan ba, amma wannan fagena ne.

Ɗana Ɗan Fagge, na ji batunka,
Yabo ka yi, ka cika waƙarka,
Amma tsaya in tambaye ka,
Wasa kake ko kallon ƙawa?

A Mosko Pajitnov ya ƙago shi,
Kwamfutar ba ta iya zana shi,
Da alamun rubutu ya jera shi,
Abokan aiki suka kasa dainawa.

Na zamaninmu na roba ne,
Batir biyu, allon toka ne,
Ƙararsa ɗaya, ƙit-ƙit ne,
Ba ya hana ido ganewa.

Na gwada naku, ido ya ruɗe,
Tartsatsin haske ya lulluɓe,
Gurbin da nake hari ya toshe,
Kiɗa na tashi, gini na rushewa.

Kwamfutar da Alexey Pajitnov ya yi Tetris na asali a kai a tsakiyar shekarun 1980 sunanta Electronika 60. Da ya hau na'urar wasa ta hannu Game Boy a 1989 duniya ta ɗauka, kuma a lokacin ma allon ba shi da launi. Abin da ya riƙe mutane shekara arba'in ba haske ba ne.

'Yar Damagaram:
Baba, ina wuni. A yi min izini.

Baba, a gafarce ni in tanka,
Ba raini ba ne ga shekarunka,
Abin da ka kira ado a ganinka,
Shi ke gaya maka me ke zuwa.

A tsohon wasa gudu hawa yake,
Ba ya sauka har sai ka sarƙe,
A nan kuwa kiɗa ne ke riƙe
Da linzamin sauri da sassautawa.

In ganga ta ɗau zafi, ka shirya,
Tubali zai zubo, ba ƙarya,
In ta lafa, ka gyara hanya,
Ka kwashe ɓarna kafin dawowa.

Kamar makaɗin kalangu da mai rawa,
Wannan na bin ƙafa, wancan na amsawa,
Ba ka sanin wa ke jan ɗan'uwa,
Haka hannuna da kiɗan ke haɗuwa.

Kuma Baba, filin ana jawo shi kusa har ya cika ido, hasken ya koma gefe. Ka sa jikanka ya nuna maka. Sannan ka buga da iyafis a kunne, domin ta sifikar talabijin rabin abin ba ya isowa.

Bazazzagi:
Kun yi ta kiɗa da haske, ba wanda ya taɓo gini. Bari in shigo ta nan.

Yaya Ɗan Fagge, mu zo ga dabara,
Cikin gida goma ina cike tara,
Na gefe rijiya ce, ba na tura
Komai cikinta sai doguwa.

In ta zo, ta shige a tsaye,
Sahu huɗu su tashi a jere,
Allo ya yi wal, numfashi ya ɗauke,
Wannan ne Tetris ɗin, 'yan uwa.

Akwai gurbin ɓoye guda ɗaya,
In doguwa ta zo ban shirya,
Sai in tura ta can ajiya,
Gini ya kai, in zo ɗaukowa.

Sai kuma Zone, sabon abu ne,
Ma'auni ya cika, dannawa ne,
Lokaci ya tsaya, kiɗa can ƙasa ne,
Tubali ya daina faɗowa.

Sahun da ka cike ba ya ɓacewa,
Ƙasa yake komawa yana taruwa,
Takwas, sha biyu, sha shida na hawa,
Lokaci guda su yi fashewa.

Wanda ya tara sahu 16 a Zone ɗaya ya yi Decahexatris, wanda ya kai 20 ya yi Ultimatris, wato filin gaba ɗaya ke nan. Wahalar ita ce duk sahun da ya koma ƙasa yana tura gininka sama, wurin juyi na raguwa. Saboda haka Baba, Zone ba hutu ba ne.

Tsohon Hannu:

'Yata, kin yi magana da ladabi,
Na karɓi rabi, na ajiye rabi,
Kiɗa mai nuna sauri, na bi,
Amma tsai da lokaci, ban ga dacewa.

Daɗin wasan rashin hutu ne,
Kuskurenka yana gabanka ne,
Na gaba na tafe, ba jira ne,
Gwani na gyara ana zubowa.

Yaro ɗan sha uku a Amurka,
Willis Gibson, ku je ku bincika,
Ba Zone, ba ajiya, bai sauka,
Sai da na'urar ta kasa ƙirgawa.

Sannan yaran gida da bakinsu
Sun ce in sun hau gadonsu,
Tubala na zuba a idonsu,
Wannan ba ciwo ba ne mai kamawa?

Yaron nan a Disamba 2023 ya yi, kan tsohuwar na'urar wasa ta Nintendo, ya kai mataki na 157 wasan ya daskare. Da yatsu da ido kawai. Shi nake nufi da gwaninta, Bazazzagi. Baitin ƙarshen kuma tambaya ce ta gaske, duk wanda ya sani ya amsa min.

Anti Nas:
Sannu Baba. Tambayarka ta faɗo unguwarmu.

Baba, ka kwantar da hankalinka,
An san wannan tun kafin jikanka,
Ƙwaƙwalwa ce ke bitar aikinka,
Yayin da barci ke fara ɗaukawa.

A Harvard an sa mutane sun buga,
Suna fara barci a tashe su, a ga
Abin da idon zuci ya hanga,
Suka ce tubala ne ke gangarowa.

Har masu cutar mantuwa a ciki,
Ba su tuna sun taɓa wannan aiki,
Amma sun ga siffofin, abin mamaki,
Ƙwaƙwalwa ta adana ba tunawa.

Jan kunnena yana kan haske,
Mai farfaɗiya ya kula da gaske,
Kada ciwon ya zo ya riske
Shi a gaban allo mai walƙawa.

Robert Stickgold da abokan aikinsa ne suka yi binciken, ya fito a mujallar Science a 2000. Wannan ganin tubala bayan an ajiye wasa shi ake kira Tetris effect, daga nan wasan ya samo sunansa. Ba cuta ba ce. Abin da za ka sa wa ido a kan yaran shi ne dare: kada su kai tsakar dare a kai, kada asuba ta wuce su. Ƙanwata 'Yar Damagaram, iyafis ɗin ma a rage ƙara, kunne in ya lalace ba ya dawowa.

Ɗan Fagge:
Anti, Allah ya saka da alheri. Baba, a 2020 an faɗaɗa wasan aka kira shi Tetris Effect: Connected, kuma akwai rabonka a ciki.

Baba, ba a manta da irinku ba,
Akwai fagen da ba a sa Zone ba,
Ba ajiya, ba a sauya doka ba,
Mutum biyu, maki ake ƙirgawa.

Akwai na mutum uku, gayya ce,
Abokiyar karawar kwamfuta ce,
Filaye uku su haɗe, doka ce
Kowa ya sa nasa, ba tsallakewa.

A nan za ka ji kiɗan ya cika,
Hannu uku, ɗaya daga ciki naka,
Gurbin da ka bari, wani ya rufe maka,
Ka zo Asabar, muna gayyatowa.

Tsohon Hannu:
Nas, kin sauke min nauyi, na gode. Ɗan Fagge, zan sa jikana ya haɗa ni da ku ta intanet.

Asabar in Allah ya kai mu,
Bayan la'asar sai mu gamu,
Da na mutum biyu za mu fara namu,
Ni da Bazazzagi, ba ragawa.

In mun gama sai a shiga gayya,
'Yata ta Damagaram ta riƙe tsakiya,
A jawo min filin kusa, na shirya,
Ku bar mini gefe, ku bar mini doguwa.