Neman shawara kan masu janye kuɗinsu bayan sun saya

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina sayar da bidiyon koyon ɗinki ta intanet daga Aboabo, Kumasi. Masu biya da MoMo (tura kuɗi ta wayar hannu) ba su taɓa ba ni ciwon kai ba, amma wasu masu katin Visa sukan sauke darasin, daga baya su ce wa bankinsu ba su ne suka saya ba, sai a cire kuɗin daga asusuna har da tara. Na gabatar da imel ɗin mai saye da lokacin da ya sauke, aka ƙi karɓa, abin kuwa yana cin jarina. Shin tilasta amfani da 3-D Secure (matakin da banki ke tabbatar da cewa mai katin ne da kansa ke saye) zai mayar da asarar kan bankin mai katin? Wace hujja kuke adanawa tsawon kwana 120 da ake iya shigar da ƙorafi?