Neman kalma: me za mu kira "car club" da Hausa?

Mai Fassara: Assalamu alaikum malamai. Ana neman kalmar Hausa ta abin da a Ingila suke kira car club, a Amurka da Jamus car sharing, Faransawa kuma autopartage. Motoci ne a ajiye cikin unguwanni, kowace da gurbinta. Mutum ya yi rajista ya zama mamba, in bukata ta taso ya kama lokaci ta waya, ya je ya tuƙa da kansa, ya mayar, a cire kuɗin awannin da ya yi. Inshora da gyara da haraji duk a wuyan masu motar suke. Wasu na rubuta "motar haya", ni kuwa hankalina bai kwanta da ita ba.

Ɗan Tasha: Wa'alaikumus salam. Motar haya kam ba ta zauna ba, Malam. Ka ce wa Bahaushe motar haya, tasi ko bas zai gani, da direba da yaron mota. Shata ma da direbanta take zuwa. "Hayar mota" ta fi kusa, amma ita ce ta zuwa ofis a cike takarda, a miƙa maka makulli, lissafi kuma na kwana ne. Wannan ba wanda zai miƙa maka komai, kuma awa guda ma ana ba ka. Me zai hana a ce adashen mota?

Hajiyar Lissafi: Adashe da daɗin ji, amma zai ɓatar da mai karatu. A adashe ana zubi daidai wa daida, kowa ya jira ranar kwasarsa, in ya kwasa ya zama nasa. A nan ba layi, wanda ya riga kama lokaci shi ke da mota, kuma ko shekara goma ka yi ko taya ba za ka mallaka ba. Karɓa-karɓa ma ciwonta ke nan.

Kuɗin wannan tsari kashi uku ne: na zama mamba, wata-wata ko shekara-shekara, na lokaci, awa ko yini, sai na tazara. Wasu suna haɗa maka wani adadin mil cikin kuɗin lokaci, in ka zarce su caje ka kan kowace mil, wasu tun daga mil ta farko suke lissafi. Mil guda kilomita 1.6 ce, a kula da wannan wajen fassara. Agogo kuma ba ya tsayawa don ka faka. Mai zuwa aiki kullum ya ajiye mota awa takwas a bakin ofis, asara zai tafka. Abin na mai zuwa cefanen mako ne, ko kai yara ziyara, ko ɗauko kaya jefi-jefi.

Bakanike: To "motar aro" fa? Na kawo ta ne don a kashe ta tun yanzu, domin akwai haɗari a ciki. Aro a wurinmu kyauta ne, kuma wanda ya ara yakan ara wa ƙaninsa. A wannan tsari, wanda ba mamba ba in ya taɓa sitiyari, inshora ta daina aiki. In aka yi karo, duk kuɗin gyara kan wanda ya kama lokacin zai faɗo. Kalmar da za ta sa mutum ya ɗauka zai iya cewa "ungo ja mu" ba ta dace ba.

Ɗan Damagaram: Malamai, a tuna da mu masu karanta Faransanci. Abu biyu ne da ake yawan cakuɗawa: autopartage shi ne wannan, covoiturage kuwa shi ne mai mota ya ɗauki masu tafiya hanyarsa su taya shi kuɗin mai, irin na manhajar BlaBlaCar. Na biyun muna da shi tuni, rage hanya ne da karo-karon kuɗin mai. Kada kalmarmu ta hau kansa.

Asalin autopartage kuma daga ƙungiyoyin gama kai ya fito. An yi wata a Zurich ta ƙasar Suwizalan tun 1948. A 1987 aka kafa wasu biyu a Suwizalan, suka haɗe a 1997 suka zama Mobility. Berlin ta samu StattAuto a 1988. Daga baya kamfanoni suka shigo: Zipcar a Amurka a 2000, kamfanin hayar mota na Avis ya saye shi a 2013. Saboda haka ina ganin "motar tarayya", tunda tarayya ake yi a kanta.

Ɗan Tasha: Ɗan'uwa, a Nijar za ta wuce lafiya. A Najeriya ka ce motar tarayya, kowa zai ɗauka ta gwamnatin Abuja ce.

Hajiyar Lissafi: Gaskiyarka. Ni "motar haɗaka" nake gani. Haɗaka ba ta ce kyauta ba, ba ta ce da direba ba, ba ta kuma ce taka ce ba. Masu gudanarwa a ce "ƙungiyar motar haɗaka", in kamfani ne a ce "kamfanin motar haɗaka". Na san 'yan siyasa sun ɗan gajiyar da kalmar, amma da aka jingina ta da mota ba mai ruɗewa.

Bakanike: Bari mu gwada ta a bakin aiki, mu ga ko za ta ɗauki kaya.

Shiga ƙungiyar motar haɗaka a Ingila: ka sauke manhaja, ka ɗauki hoton lasisinka gaba da baya, da hoton fuskarka, ka sa katin banki. Mai lasisin Birtaniya akan nemi lambar dubawa daga DVLA, hukumar lasisin tuƙi ta can, lambar da ke nuna ko yana da laifin tuƙi. Ana cirota da lambar lasisi da lambar inshorar ƙasa da lambar unguwa, kuma kwana 21 take aiki. Ɗalibanmu su lura: lasisin Najeriya wata 12 kawai yake yi wa wanda ya zauna a can, kuma ba a musanya shi, sai an ci jarrabawar tuƙinsu. Kowace ƙungiya kuma da sharaɗinta na shekaru da daɗewar lasisi.

In ka isa gurbi, kada ka yi garajen buɗewa. Zagaya motar tukuna, ka duba bamba da madubai da gefen tayoyi, inda aka fi gogawa da dakalin titi. Duk ƙarzanen da babu shi a rajistar motar, ɗauki hoto ka tura kafin ka tayar, in ba haka ba naka ne. Ana buɗewa da waya, ko a ɗora kati kan na'urar da ke jikin gilashin gaba. Makulli yakan kasance a aljihun gaban mota, tare da katin shan mai. Ƙa'idar da aka fi sani ita ce kada a mayar da tanki ƙasa da kwata.

Inda ake faɗawa rami: a kulle mota a garejin ƙarƙashin ƙasa inda ba sabis, waya ta kasa buɗe ta. A bar fitilar ciki a kunne, batir ya mutu wa na baya. A ɗura fetur a motar dizal. In haka ta faru kada a ko murɗa makulli, domin da famfo ya ja man cikin layi, gyaran ya tashi daga zuƙe tanki ya koma canza famfo da nozul. Mota mai lantarki kuma a tabbata caji ya kama kafin a juya baya. Makara ita ce ta fi cin kuɗi, tunda wani na tsaye yana jira. In ka ga cunkoso zai riƙe ka, ƙara lokaci ta manhaja tun kafin naka ya cika.

Mai Fassara: Ta ɗauka kuwa. Saura rassanta. Akwai wadda dole a mayar gurbin da aka ɗauko ta, akwai wadda ake bari ko'ina cikin yankin da aka shata, kamar yadda kamfanin car2go ya fara a birnin Ulm na Jamus a 2008, akwai kuma ta mutane masu ba da motocin gidansu ta manhaja irin Turo.

Ɗan Damagaram: Ta farko "mai komawa gurbi", ta biyu "mai sauka ko'ina". Ta uku ni ban yarda haɗaka ce ba, hayar motar gida ce kawai, a bar ta haka. Autolib' ta Paris, da ta yi aiki daga 2011 zuwa 2018, tsakani take: a ɗauka a wannan tasha a ajiye a waccan. Ita sai a ce "tasha zuwa tasha".

Ɗan Tasha: Na bi, ko da yake har yanzu adashen ya fi min daɗin baki. Hajiya, kuɗin nan da direba ke fara biya in an yi ɓarna kafin inshora ta ɗauki saura fa?

Hajiyar Lissafi: "Kason direba" nake rubutawa. Wasu ƙungiyoyin suna rage shi in ka ƙara wani abu a kan kuɗin wata. Tarar gudu da ta faka ba bisa ƙa'ida ba kuwa ba sa cikinsa, kai tsaye ake turo wa mamba, a ɗora masa ladan takarda a kai.

Mai Fassara: Na gode malamai. Ga yadda zan sa a jimlar farko: "Ta sayar da motarta ta shiga ƙungiyar motar haɗaka, yanzu sai ta kama awa uku ranar Asabar." Kason direba kuma zan saka shi a sashen inshora.